Wace Ƙasa Ake Nufi? Fashin Baƙi kan Asali da Rikicin Al'ada a Ƙagaggun Labaran Afirka

Kalmar ƙasa a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya da yawa. Ita ce turɓayar da ake nomawa, ita ce kuma wadda ake rufe mutum da ita ranar da ya cika. Ita ce ƙasar Katsina ko ƙasar Zazzau da ke hannun sarki, ita ce ƙasar Hausa wadda ba ta da tuta ba ta da shugaba ɗaya, ita ce dai Najeriya ko Nijar ko Gana mai fasfo da take. In mutum ya ce maka shi ɗan ƙasa ne, sai ka duba inda yake tsaye kafin ka san nufinsa. A filin jirgin sama yana nufin ga fasfonsa. A sakatariyar ƙaramar hukuma kuwa yana nufin kakansa a nan aka haife shi, kai baƙo ne ko da a garin aka yanke maka cibiya.

Wannan ruɗanin da ke cikin kalma guda shi ne abin da manyan marubutan ƙagaggun labarai na Afirka suka shafe sama da shekara sittin suna juyawa. A makaranta an saba taƙaita jigon littattafansu da cewa karo ne tsakanin al'adar Afirka da ta Turawa. Ɗalibi ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya ci. Ni dai ina ganin wannan taƙaitawa ta rage wa littattafan daraja. Wole Soyinka ma, a gabatarwar wasan kwaikwayonsa na 1975, Death and the King's Horseman, sai da ya ja kunnen masu shirin maƙala masa wannan laƙabi. In ka karanta littattafan a tsanake, sau da yawa Bature a gefe za ka same shi. Rigimar a tsakar gida take: ɗa da uba, mata da miji, ɗan boko da malaminsa na allo, mutum da takardar da gwamnati ta ba shi ta ce ga sunanka ga ƙasarka.

Tushen maganar sananne ne. A taron birnin Balin na 1884 zuwa 1885 manyan ƙasashen Turai suka shimfiɗa ƙa'idar rabon Afirka, layukan kansu kuma aka riƙa jan su daga baya ta yarjeniyoyi tsakanin masu mulkin mallakar. Sunan Najeriya wata 'yar jarida ce, Flora Shaw, ta ba da shawararsa a 1897, Lugga kuma ya haɗe Arewa da Kudu a 1914. Waɗanda suka karɓi mulki daga hannun Turawa sun san da wannan sarai. Obafemi Awolowo ya rubuta a 1947 cewa Najeriya ba al'umma ba ce, suna ne kawai na wani yanki a taswira. Abubakar Tafawa Ɓalewa ma a wajejen lokacin ya ce haɗin kan Najeriya ƙirƙirar Ingila ce. Duk da haka, da ƙasashe 17 suka sami 'yanci a 1960 kaɗai, kusan ba wanda ya yarda a taɓa layin, kuma a taron Alƙahira na 1964 shugabannin Afirka suka amince a bar iyakoki yadda aka gaje su. Ke nan an ba mutane ƙasa kafin su ji ta a jikinsu. Ɗan siyasa ya ce a yi haƙuri, za a saba. Marubuci shi kuma ya shiga gidaje yana duba yadda sabon ke tafiya.

Littafin da ya fi nuna mini abin ƙuru-ƙuru shi ne na Ahmadou Kourouma ɗan Kodebuwa, Les Soleils des indépendances, wato zamanin 'yancin kai. Masu ɗab'i a Faris sun ƙi karɓarsa da fari, sai a Montreal ta Kanada ya fara fitowa a 1968. Tauraronsa Fama ɗan sarauta ne, na ƙarshe a zuriyar Dumbuya masu ƙasar Horodugu. Zamanin Turawa ɗan kasuwa ne, ya saki kasuwancin ya faɗa gwagwarmayar korar Faransa, yana sa ran in an sami mulki za a tuna da shi. Da aka samu sai aka ce ai ba shi da boko. Abu biyu rak ya tsira da su: katin shaidar ɗan ƙasa da katin jam'iyya ɗaya tilo. Ɗan sarki ya koma bin sadakar bakwai da ta arba'in a babban birni, yana jiran a miƙo masa nasa kason, maroƙa suna yi masa habaici.

Garin kakanninsa kuma, Togobala, layin Turawa ya jefa shi cikin wata jamhuriya daban. In zai je gida sai ya tsaya gaban ma'aikacin kan iyaka ya nemi takardarsa, a ɗauke shi baƙo a ƙasar da ubansa ya mulka. A ƙarshen littafin, bayan ya fito daga kurkuku, ya kama hanyar gida don ajali ya same shi a can, sai ya tarar an rufe iyaka. Ya ƙi tsayawa. Ya bi ta kan gada masu gadi suna daka masa tsawa, ya dira bakin kogi da yaƙinin cewa kadojin tsafi na ƙasar ba za su taɓa jinin Dumbuya ba. Kada ya cafke shi. A motar asibiti ya cika.

Dubi yadda Kourouma ya toshe wa mai karatu kowace mafaka. Sabuwar ƙasa ta ƙi Fama, tsohuwar ma kadanta bai gane shi ba. Wanda ya zo neman littafin da zai ce masa a koma gargajiya kowa ya huta, ya tashi hannu rabbana. Mutumin Maraɗi ko na Jibiya kuwa ba ya buƙatar dogon sharhi a nan. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, domin gidan sarautar Katsina ne da ya yi ƙaura bayan jihadi, sannan Ingila da Faransa suka zo suka ja layinsu a tsakani. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, 'yan'uwan jini masu zuwa wa juna biki da ta'aziyya sai ta ɓarauniyar hanya.

Mu koma ga littafin da aka fi yi wa waccan taƙaitawa, Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958. Bahaushe ya riga ya faɗi jigonsa da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. Su wa suka fara bin 'yan mishan a labarin? Waɗanda gari ya raina, ba sarauta ba murya a dandali. Osu, mutanen da aka keɓe wa gunki, ba a aurensu ba a cuɗanya da su. Wata mata mai juna biyu wadda sau huɗu tana haifar tagwaye ana jefar da su a mugun daji. Sai Nwoye, ɗan cikin Okonkwo tauraron littafin, wanda zuciyarsa ta karye tun ranar da ya gane ubansa na cikin waɗanda suka kashe Ikemefuna, yaron da suka tashi tare kamar wa da ƙane. Achebe ya nuna Umuofia, garin su Okonkwo, da kotunta da bukukuwanta da hikimar dattawanta, don ya ƙaryata masu cewa kafin zuwan Bature duhu ne zalla, amma bai ɓoye mutanen da wannan tsari ya danne ba. Su ne tsagar bangon. Shi ya sa abokin Okonkwo, Obierika, yake tambayar yadda za a yi yaƙi alhali 'yan'uwa sun riga sun koma ɗaya ɓangaren. Ko wanda Okonkwo ya sare a ƙarshe baƙar fata ne, masinjan kotu.

Bature sai a shafin ƙarshe ya karɓe maganar. Di'o ya ga gawar Okonkwo a rataye, ya juya yana tunanin littafin da yake rubutawa kan yadda aka lallashe ƙabilun ƙasan Neja, yana lissafin ko wannan mutum zai cika babi guda, sai ya ga a'a, sakin layi ɗaya ya ishe shi. Rayuwar da muka bi tun daga shafin farko ta koma sakin layi a hannun wani. Abin da ya tayar da marubutan wannan zamani tsaye ke nan: wa ke da ikon ba da labarin wa.

Littafinsa na biyu, No Longer at Ease na 1960, shi ya fi taɓa maganar ƙasa kai tsaye, ko da yake ba a cika yi masa kirari ba. Obi, jikan Okonkwo, ƙungiyar 'yan garinsu ce ta tara fam 800 ta tura shi Ingila karatu. Ya dawo ya sami aikin gwamnati a Legas, ga mota ga gida a unguwar Turawa, yana cika baki cewa tsofaffin ma'aikata marasa ilimi ne ke cin hanci. Sai buƙatu suka yi masa rubdugu: biyan bashin ƙungiya, kuɗin makarantar ƙane, jinyar uwa, inshorar mota. Ya so auren Clara, sai ga shi ita osu ce. Ubansa, wato Nwoye ɗin nan da ya bar gidan ubansa don addinin da ya ce duk mutane ɗaya ne, shi ne ya ce ba da shi ba. Uwarsa ta ce in ya aure ta tana da rai za ta kashe kanta. A ƙarshe aka kama Obi da cin hancin fam 20.

Abin lura shi ne yadda 'yan garinsu suka ɗauki maganar. Satar ba ta dame su ba. Abin kunya a wurinsu shi ne a ce ɗansu ya tafi gidan yari a kan fam 20 kacal, kuma bai iya takunsa ba ya karɓa da hannunsa. Suka dai tara kuɗin lauya, don naka naka ne ko ya ɓata. Achebe ya bayyana cewa a idon mutane gwamnati wata aba ce ta wasu, baƙuwa, aikin kowa shi ne ya yagi abin da zai iya ba tare da an kama shi ba. Mu ma mun san maganar: ai kayan gwamnati ne, ba na uban kowa ba. Masanin siyasa Peter Ekeh ya zo a 1975 ya yi wa abin suna, ya ce mulkin mallaka ya bar wa ɗan Afirka jama'a biyu. Akwai ta dangi da gari, wadda cin amanarta abin kunya ne har jikoki. Akwai ta ofis da baitulmali, wadda ake ɗiba daga cikinta a kai wa ta farkon, a kuma sha yabo. Mutumin da ba zai taɓa ƙwandalar asusun masallacin unguwa ba shi ne zai haɗiye kuɗin asibitin jiha ya kwana lafiya. Shekara 15 kafin masani ya rubuta, mai ba da labari ya riga ya nuna.

Daga nan littattafan ɓacin rai suka biyo, ba sai na daɗe a kansu ba don kusan murya ɗaya gare su. Ayi Kwei Armah na Gana, a The Beautyful Ones Are Not Yet Born na 1968, ya sa wani minista ya tsere ta ramin masai ranar da soja suka kifar da Nkrumah a 1966. Ngugi wa Thiong'o, a A Grain of Wheat na 1967, ya kai mu jajibirin 'yancin Kenya na 12 ga Disamba 1963, inda mutumin da ƙauye ke shirin karramawa a matsayin gwarzo ya tashi ya ce shi ne ya ci amanar jagoran 'yan gwagwarmaya. A Man of the People na Achebe ya ƙare da juyin mulkin soja, kuma ya fito a Janairun 1966, watan da aka yi na gaske.

Wanda nake so mai karatun Hausa ya nema shi ne L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, Bafulatanin Senegal, wanda ya fito a 1961. Da makarantar allo ya buɗe. Malam Cerno ya kama kunnen almajirinsa Samba Jallo ya murɗe har jini, don harshen yaron ya zame a aya, alhali a zuciyarsa ya san bai taɓa samun ɗalibi kamarsa ba. Ga kuma makarantar Faransa ta zo ƙasar, kowa ya zuba wa sarki da malam ido su ce a kai yara ko kar a kai. Sarki ya kasa yanke hukunci. Tambayar da ta tsaya masa a rai ita ce, shin abin da yaran za su koya ya kai darajar abin da za su manta? Yayarsa ce, wata irin Magajiya mai kwarjini, ta tara gari har da mata ta yanke maganar. Ba ta yaudari kowa ba. Ta ce ita ma ba ta son makarantar, kuma ta san za ta kashe wani abu da suke ƙauna a cikin 'ya'yansu. Amma kakanninsu sun yi yaƙi da mutanen nan suna kan gaskiya aka kuma ci su, don haka a je a koyo yadda ake cin nasara ba tare da gaskiya ba. Ta kawo misalin manomi, wanda mafi kyawun hatsinsa yake ɗauka ya binne a ƙasa in damina ta zo.

Samba ya tafi har Faris ya karanci falsafa. Ya dawo bai zama Bature ba, bai kuma iya komawa yaron da ke rawar jiki gaban allo ba. Wani mai taɓin hankali da ke ƙaunar marigayi Cerno ya matsa masa ya yi salla a kabarin malamin, da ya ga bai yi ba ya kashe shi.

Tun da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano a 1909 muke wannan muhawara, har yara na da waƙar tsokanar 'yan boko da rashin salla, kuma kowa ya san munin da ƙiyayyar boko ta kai a Arewa maso Gabas a zamaninmu. Abin da ya burge ni da Kane shi ne bai mai da kowa wawa ba. Malam yana da hujja, Magajiya tana da hujja, yaron da aka yi gwajin a kansa shi ya biya.

Sai dai akwai wata ƙura a nan. A wurin Kane, Musulunci shi ne gida, boko shi ne baƙo. Wasu marubutan ba su yarda ba. Yambo Ouologuem na Mali, a Le Devoir de violence na 1968, ya zana sarakunan Sahel a matsayin masu cinikin bayi da suka daɗe suna gasa wa talakawa aya a hannu kafin Bature ya iso. Armah, a Two Thousand Seasons na 1973, ya jera Larabawa da Turawa a sahu ɗaya na mahara. Ko ba ka yarda da su ba, ni ma ina ganin sun zafafa, tambayar da suka tayar tana nan: in an ce a koma al'adar asali, a wace shekara za a tsaya? A adabinmu ma Bature Gagare ya taɓo wurin a Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982, da ya ɗauko tauraronsa daga cikin Maguzawa.

Mata marubuta suka ƙara wata tambayar: al'adar da ake karewa, a jikin wa take sauka? Ngugi ya hango abin a The River Between na 1965, wanda ya ginu a kan rikicin kaciyar mata da ya ɓarke tsakanin 'yan mishan da ƙabilar Kikuyu ta Kenya a 1929. Muthoni 'yar mai wa'azi ce, tana son ta zama Kirista ta kuma zama cikakkiyar mace a idon ƙabilarta. Ta gudu aka yi mata kaciya, ciwon ya ƙi warkewa, ta mutu. Kowane ɓangare ya ɗauki gawarta ya mai da ita hujja. Mariama Bâ ta Senegal ita kuma ta bar mace ta yi magana da bakinta. A Une si longue lettre na 1979, Ramatulaye tana cikin takaba take rubuta wa aminiyarta wasiƙa. Bayan 'ya'ya 12, mijinta, wanda suka yi mafarkin gina sabuwar ƙasa tare, ya auro ƙawar 'yarsu ya juya mata baya. Ranar sadakar arba'in wan mijin ya zo da maganar zai gaje ta, ta wanke shi tas a gaban mutane. Wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zai ga 'yar'uwarta a Rabi, wadda Alhaji ya kora da 'ya'ya tara. Babu ɗaya a cikin matan nan da ta nemi zama Baturiya ko ta bar addininta. Ƙorafinsu a kan wanda ya riƙe wuƙa da nama wajen fassara al'ada da addinin ne.

Yanzu ga maganar harshe, wadda ta fi shafarmu. A watan Yuni na 1962 aka yi taro a Makerere ta Yuganda, aka kira shi taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi. Sunan kaɗai ya rufe ƙofa ga Shaaban Robert na Suwahili da D. O. Fagunwa na Yarbanci, da namu Abubakar Imam, wanda a lokacin Magana Jari Ce ya haura shekara 20 a hannun 'yan makaranta. A 1963 Obi Wali ya rubuta cewa adabin Afirka da harshen Turawa hanya ce da ba ta ɓullewa. Achebe ya mai da martani cewa tarihi ya ba shi Ingilishi kuma zai yi amfani da shi, sai dai zai lanƙwasa shi ya ɗauki kayan garinsu. Ya ƙara da wata magana da har yau take yi mini ɗaci: adabin ƙasa a Najeriya shi ne wanda aka rubuta da Ingilishi, na Hausa da Ibo da Yarbanci kuwa adabin ƙabila ne.

A yi masa adalci, yana da abin faɗa. Bahaushe da mutumin Kalaba in sun haɗu, da Turanci ko buroka za su gaisa. Amma littafin Hausa da aka buga a Kano ana karanta shi a Damagaram da Agadas, da zangon Kumasi, da Garwa, da unguwannin Hausawa a Sudan. Harshen da ya tsallake iyaka huɗu ko biyar, in an kira adabinsa na ƙabila, to ma'aunin ne ke da matsala, don layin 1914 aka ɗauka aka auna shi da shi. Ngugi ya bi ɗaya hanyar, kuma abin da ya same shi ya isa hujja. Ya yi shekaru yana sukar manyan Kenya da Ingilishi ba a ɗaure shi ba. Da ya shirya wasan kwaikwayo da Kikuyu tare da manoma da leburori a Kamiriithu a 1977, ƙarshen shekarar aka kwashe shi zuwa kurkukun Kamiti, ya shekara ba shari'a. A can ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Kikuyu a kan takardar bayan gida. Gwamnati ta fi malaman jami'a sanin harshen da ke da haɗari.

To mu me adabinmu ya ce game da ƙasa? Ga wani abin mamaki. Cikin littattafan da gasar Rupert East ta 1933 ta haifar a Zariya akwai Shaihu Umar, wanda wani malamin makaranta daga Bauci ya rubuta, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bi taswirar labarin: Kagara, Kano, hamada, Murzuk, Tarabulus, ƙasar Masar, sannan a dawo Rauta. Duniyar littafin arewa take kallo, hanyar fatake da bayi da malamai. Babu Legas a ciki. Mutumin da ya rubuta wannan shi ne aka damƙa wa Najeriya a 1 ga Oktoba 1960 aka ce ya riƙe ta dunƙule, shi ne kuma aka kashe a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966 tare da Sardauna. Daga baya Sulaiman Ibrahim Katsina ya shiga harkar fasa-ƙwauri da cin hanci a Turmin Danya na 1982, inda iyaka ta zama wurin cin abinci. Adabin kasuwar Kano da ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980 an daɗe ana yi masa kallon soyayya zalla, amma auren dole da karatun 'ya mace da ikon mai kuɗi a kan talaka su ne cikinsa, kuma nan ne rikicin al'ada yake a rayuwar yawancin masu karanta shi.

Ranar 15 ga Janairu ɗin nan ta kawo mu ga wurin da labaran Najeriya suka fi rabuwa, wato yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kowane ɓangare da ranar da yake fara ba da labarinsa. Ɗan Arewa daga Janairu yake farawa. Ɗan Ibo daga kashe-kashen da aka yi wa mutanensa a garuruwan Arewa tsakanin Mayu da Oktoba na 1966 yake farawa, kuma wannan abu ya faru, ƙin karanta shi ba zai goge shi ba. Chimamanda Ngozi Adichie ta kawo shi a Half of a Yellow Sun na 2006, har da Sabon Garin Kano, inda wani maƙwabci Bahaushe ya shiga cikin masu kisa, wani Bahaushen kuma ya fitar da Olanna, ɗaya daga cikin taurarin littafin, da rai. Akwai wata hira a farkon littafin da ta fi mini duk fagen daga. Malamin jami'a Odenigbo ya ce shi ɗan Najeriya ne don Bature ya ƙirƙiri Najeriya, amma shi Ibo ne tun kafin Bature ya zo. Wani abokin aikinsa ya ce a'a, ai jin cewa duk Ibo abu ɗaya ne shi ma zamanin Bature ya haife shi, kafin nan kowa garinsa ya sani. Wato ƙabilar da ake gudu a fake a cikinta ita ma ginin tarihi ce. Ken Saro-Wiwa, ɗan Ogoni, ya duba yaƙin daga ƙasan kowa a Sozaboy na 1985. Yaronsa Mene, yaron mota, ya shiga soja don kaki da burge budurwa, ya yi wa wannan ɓangare aiki ya yi wa wancan, bai taɓa gane abin da ake mutuwa a kai ba. Ga ƙananan ƙabilu, Najeriya da Biyafara duk manyan kifaye ne.

Sai a 'yan shekarun nan 'yan Arewa masu rubutu da Ingilishi suka fara shiga wannan zance da yawa, bayan hanyar da Zaynab Alkali ta share da The Stillborn a 1984. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci babbar kyautar adabi ta Najeriya a 2016, ya ɗauko Hajiya Binta, mai shekara 55, wadda aka kashe mijinta a rikicin Jos, garin da tambayar wane ne ɗan ƙasa wane ne baƙo ta ci rayuka masu yawa. Ta koma zama a gefen Abuja. An fi surutu a kan alaƙarta da wani matashi shugaban 'yan daba, amma ciwon da ke ƙarƙashin labarin na ɗanta na fari ne, wanda alkunya ta hana ta kiran sunansa ko jan sa a jiki har 'yan sanda suka harbe shi. Mai karatu a Inugu ko Landan sai an tsaya an yi masa bayanin yadda uwa za ta haifi ɗa, ta raine shi, a binne shi, bakinta bai saba da sunansa ba. Mai karatu a Kano ba ya buƙatar bayanin. Sai dai sa'o'in Binta, matan da suka fi kowa sanin wannan ciwo, yawancinsu ba da Turanci suke karatu ba.